Ruwan Kogin da Na Sha a Gaban Kanar

Ranar da har gobe ba ta fita raina ba ita ce wata Talata da damina, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Lokacin ina samanja a garejin sojan injiniya a Kaduna, aikina walda da gyaran tankunan ruwa.

A zamanin akwai kwamitin hafsoshi da ke zama sau ɗaya a shekara don duba binciken malaman jami'a. Malami zai kawo abin da ya ƙera, a gwada a gabansu. In sun gamsu, su rubuta Legas a ba shi tallafi. Wanda aka kira bai shirya ba kuwa, sai baɗi.

Ran nan wani malami, Dakta Isiyaku, ya zo daga Zariya da matatar ruwa. Garwa ce mai yashi da gawayi da kaskon yumɓu a ciki, wadda soja zai iya goyawa. Motar da ta ɗauko shi ta faɗa rami a Rigachikun, gindin garwar ya tsage. Na same shi tsaye bakin gareji da garwar.

Ya ce, "Samanja, shekara biyu ina kan abin nan."

Na ce, "Malam, kawo ta." A fagen daga na binne abokai waɗanda ba harsashi ya kashe su ba, gudawa ce daga ruwan fadama. Na liƙe tsagar da dalma, na ɗauko masa garwar har zauren taro.

Kanar Garba, shugaban kwamitin, ya sa aka ɗebo ruwan kogi, jawur kamar kunun kanwa. Aka zuba a garwar, ya fito garau. Kanar ya ɗaga kofin ya ce, "Dakta, ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Wa zai sha?"

Dakta ya miƙa hannu. Kanar ya ce, "Ban da mai kaya."

Na taka gaba, na ƙame, na ce, "Ranka ya daɗe, mu ne za mu sha shi a daji. Gara in fara." Na shanye, na ƙara kofi na biyu.

Aka tsare ni kwanaki a asibitin bariki, aka kai sauran ruwan ɗakin gwaji. Ko ciwon ciki ban yi ba, sakamakon gwajin ma ya fito lafiya. Kanar ya sa hannu, tallafi ya zo, kuma a garejinmu aka ƙera kashin farko da aka raba wa bataliyoyi.

Abin da nake gaya wa yaranmu na yanzu ke nan. Malami zai yi bincikensa, hafsa zai sa hannu, amma in abu ne da soja zai sa a cikinsa, kada ku tsaya a baya kuna kallo. Cikinku ne.