Ana Neman Ki Daga Gida

Har yau akwai masu cewa tun da aka kori mai sharhin nan ƙwallo ta mutu a yankinmu. A teburin mai shayi nake jin su, a Ikara, a Makarfi, har a Kudan, inda ya kamata a ce sun fi kowa sanin abin da ya faru. Sai ka ji ƙato da gemunsa yana cewa, "Kai, murya ke nan! Ba za a sake irinsa ba." Ni dai in kurɓe shayina in tashi. Na gaji da musu. Shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan abin da na iya, don firamare kawai na yi, ita ma ban ƙarasa ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara wa kansa.

Ni mutumin Taba ne. Rake nake nomawa, in ya nuna in sare, in ɗaura a babur in kai inda mutane suke. Akwai wata 'yar kwaleji mai zaman kanta a tsakanin Ikara da Makarfi, ba zan faɗi sunanta ba. Tana da fili mai kyau, kuma bayan kaka sukan shirya gasa, ɗalibansu su kara da ƙungiyoyin ƙauyuka. Ran Asabar bayan la'asar ake bugawa. A nan nake ajiye rakena, gindin wata darbejiya kusa da ƙofar fili.

Mai sharhin ma'aikacin kwalejin ne, a ofishin wasanni. Daga birni aka kawo shi. Gajere ne mai tumbi, kullum yana ƙamshin turare kamar an kifar da kwalba. Wurin zamansa ɗakin da ake ajiye ƙwallaye da rigunan wasa, ɗaki mai taga ɗaya tana kallon fili, ƙofarsa kuma ta baya. Yana zaune ciki da makirfo, lasifika biyu a saman itace.

Ba zan yi ƙarya ba, ya iya. "Ga shi nan, ga shi nan! Ɗan Kurmin Kogi ya yanke mutum biyu kamar yana yanka tumatir!" Ko kuwa in an ci: "Gola ya tafi kasuwa ya bar shago a buɗe!" Tsofaffin da ba su san ofsaid ba ma sukan zo don su ji shi. Na faɗi wannan ne don kada a ce ƙiyayya ta rufe mini ido. Ina ƙin sa, amma idona a buɗe yake.

Idan an tafi hutun rabin lokaci, sai ya koma cigiya. Yaro ya ɓata, an tsinci makullin babur, wani ya ajiye mota ya toshe hanya. Sannan akwai babbar cigiya, wadda in aka yi ta fili yakan yi tsit: "Wane, ana neman ka daga gida." A wurinmu ba a aiko wannan saƙo don wasa. Ko rasuwa, ko ciwo ya tashi, ko mace na kan gwiwa. Kuma ba a faɗin abin da ya faru a lasifika, kunya da tausayi sun hana. Sai dai mutum ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga ɗakin, a gaya masa a hankali. Mu da ke waje mu ce Allah Ya sa lafiya.

Wannan al'adar ce mutumin ya gano, ya mai da ita tarko.

Ina da ƙanwa. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Da ƙyar ta samu aiki a kicin ɗin kwalejin, na wucin gadi, irin wanda baki ɗaya ya isa ya kore ka. Da shi take ciyar da yaran, da shi take kama ɗaki kusa da makarantar. Ranar wasa matan kicin ne ke dafa wa 'yan ƙwallo abinci a bayan fili, kuma shugabarsu takan karɓe wayoyinsu har a tashi. Innarmu kuwa tana Taba, ta tsufa, ga hawan jini. Kullum ƙanwata a tsorace take da labarin gida.

Wata Asabar ban je fili ba, muna dafa mazarƙwaila. Washegari ta zo Taba, ta duba Inna, sannan ta ja ni bayan rumbu.

"Yaya, jiya an yi cigiyata."

"Wa ya aika? Ai mu lafiya muke."

"Ba wanda ya aika." Ta sunkuyar da kai. "Na shiga da gudu, ko takalmi ban sa ba. Ya tura ƙofa, ya ce in kwantar da hankalina, shi ne gidan. Wai ya daɗe yana kallona ta taga, wai bazawara kamata bai dace ta ƙare a hayaƙi ba. Wai kalma ɗaya zai faɗa a ofis a mai da ni ma'aikaciyar dindindin, kalma ɗaya kuma a sallame ni. Sai da usur ya tashi ya koma kan makirfo na samu na fice."

A nan na tuna wata mai shara 'yar Dandamisa. Sau da yawa na ji ana cigiyarta, har ina cewa baiwar Allah gidansu bai rabo da jinya. Daga baya ta daina zuwa aiki, ba wanda ya tambayi dalili.

Na ɗauki adda ta saran rake. Ta riƙe mini hannu. "Yaya, ka sare shi a kai ka gidan yari, ni a kore ni. Yaran fa? Tuwon naka zai ishe mu?"

Ba zai ishe mu ba. Na ajiye.

Ran Litinin na sa rigar Juma'a na tafi ofishin mai kula da ma'aikata. Na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago daga wayarsa ba.

"Malam, kana da shaida?"

"Bakinta."

"Baki ai kowa yana da shi. Mutumin nan shi ne muryar makarantar nan. Kuma ka sani, matan da ke jiran aikin kicin sun fi tukwanen yawa. In tana son aikinta, ta kama bakinta."

Na fito. Maganar kuwa ta isa kunnen mai sharhin kafin in isa babur. Asabar da ta biyo, ana tsakiyar wasa sai na ji lasifika: "Ina mai raken gindin darbejiya? Jama'a ku yi hattara, raken nan ya ɗauko halin mai shi, ba zaƙi sai ɗaci!" Fili ya ɗauki dariya. Har da waɗanda ke tsaye suna tsotsar rakena.

Daga nan ban sake fashin wasa ba. In ya leƙo ta taga ya gan ni a gindin itacen, ba ya cigiyarta. Na ce wa ƙanwata ko ya kira kada ta je. Ta dube ni ta ce, "In kuma gaskiya ne fa, Yaya? In Inna ce fa?" Nan ne muguntar take. Ya san ba za ta iya ƙin zuwa ba.

Aka kai wasan kusa da na ƙarshe, kwalejin da ƙungiyar Kudan. Rabin 'yan wasan Kudan yaran Taba ne. Garinmu ya tashi kakaf a manyan motoci, da tsofaffi da samari da masu kalangu. Shi mutumin birni, a wurinsa duk 'yan Kudan ne, bai san wane ƙauye ne wane ba. Ni kuwa ranar na bar gindin darbejiya na koma can ƙetaren fili wurin mutanenmu, don a nan ciniki yake. Ya leƙo bai gan ni ba.

Ana busa hutun rabin lokaci, ya yi cigiyar wani makulli. Sannan ya gyara murya, ya sa mata tausayi.

"Mai girki 'yar Taba, ana neman ki daga gida. Maza-maza, tsohuwa ce."

Har da tsohuwa ya ƙara, don ya tabbata ta zo.

Abin da bai sani ba, Innarmu ita ce ungozomar Taba. Rabin mutanen da ke tsaye a gefen filin nan a hannunta suka faɗo duniya. Kowa Inna yake ce mata. Kawunmu, ƙanenta, yana zaune a kan buhu kusa da ni, sai na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Masu kalangu suka tsaya. Mai buga mana lamba goma sha ɗaya jikanta ne, ya yar da ledar ruwa ya ruga. Daga nan Taba gaba ɗaya ta keta tsakiyar fili. Ni na san ƙarya ce, amma ina gudu ina cewa a raina, in kuma gaskiya ne fa?

Muka zagaya bayan ɗakin. Ƙofa a rufe. Daga ciki muryar ƙanwata: "Ka matsa in wuce, don girman Allah!"

Kawu ya sa kafaɗa ya banke. Ga mai sharhin tsaye tsakaninta da ƙofa, ya riƙe gefen hijabinta. Ya saki da sauri, kamar ya taɓa garwashi.

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Ina ɗan saƙon?"

"Baba, ai... waya aka yi."

"Wa ya yi wayar?"

"Daga gida ne."

"Wane gidan? Ga gidan nan ya zo gaba ɗaya. Duba da kyau, nuna mini wanda ya aiko ka."

Mai sharhin ya dubi ƙofa. Kawunan mutane ne cike har inda ido ya kai. Mutumin da ke magana awa biyu ba ya haɗiyar yawu, ranar kame-kame kawai yake yi. Wani ya kira gida a waya, ya ɗaga ta sama kowa ya ji. Inna tana tsakar gida tana ba awaki dusa, tana tambaya ko mun ci.

Samari suka ce a miƙo shi. Ni ma haka na so, ba zan ɓoye ba. Kawu ya tare ƙofa da sandarsa. "Ba mai taɓa shi. In kuka dake shi, gobe maganar dukan za a yi, a manta da wannan." Ya juya ga ƙanwata. "Ke, 'yar nan, faɗi."

Shugaban kwalejin ya iso daga rumfar manyan baƙi da babbar rigarsa. A gabansa ta faɗa, ba ta rage komai ba. Tana gamawa shugabar kicin ta kutso da ludayi a hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ita kaɗai ba ce." Wata ta ce ita ma. Wata kuma ta ambaci 'yar Dandamisa. Ba a ƙarasa wasan ba.

Aka kafa kwamiti. Mai kula da ma'aikatan nan ya rantse bai taɓa ganin fuskata ba. Aka sallami mai sharhin, amma abin da suka gaya wa duniya wai ya ajiye aiki ne saboda rashin lafiya. Lafiyarsa lau. Sannan suka kira ƙanwata suka ce ita ma ta ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. Mun san irin wannan hutun, ba a dawowa daga shi.

Washegari matan kicin suka zo aiki, suka shimfiɗa tabarma a ƙofar kicin suka zauna. Ba wadda ta hura wuta. Ɗalibai suka fito da kwanuka suna bugawa. Kafin azahar aka aika mota ta ɗauko ƙanwata. Ba tausayi ya dawo da ita ba, yunwar 'ya'yan mutane ce.

Har yanzu tana can tana girki. Babbar 'yarta ta shiga sakandare. Amma ba ta sake taka filin nan ba, kuma akwai marasa kunyar da ke nuna ta a hanya suna cewa ga wadda ta kashe mana ƙwallo. Shi kuwa mai sharhin na gan shi a kasuwar Makarfi, a bayan wata mota, yana tallar maganin basir da lasifika. Mutane sun kewaye shi suna dariya. Ya hango ni ya ɗaga hannu wai mu gaisa. Na tofar da ɓawon rake na wuce.

Da Inna ta rasu, ban aika kowa ba, ban yi waya ba. Na hau babur na tafi kwalejin da kaina, na shiga har cikin kicin na tsaya. Ƙanwata tana tuƙa tuwo. Ta ɗago ta gan ni, ta miƙa wa ta kusa da ita muciya, ta je ta ɗauko takalminta.