Tsohon da Suka Ce Ya Ƙona Daji

Duk garinmu sun yi wa kakana mummunar fahimta, ni kuwa na gaji da jin ta. Wai shi ya ƙona dajin gabas. E, an gan shi da wuta a hannu, ni ma na gan shi. Amma ku tambaye su daga ina wutar farko ta taso, sai kowa ya hau gyaran hula.

Jiya maƙwabciyarmu ta ƙona shara, ƙaurin busasshiyar ciyawa ya shigo mini har ɗaki. Shi ya tayar mini da maganar.

Ina ƴar shekara tara lokacin. Ƙauyenmu yana tsakanin Tanut da Belbeji, inda gonaki ke ƙarewa filin kiwo ya fara. Duk shekara, da an gama yankan hatsi, kakana yakan sare babban reshen aduwa, ya ɗaura wa bijimin sa, ya riƙa jan shi a ƙasa yana zagaye gari. Ƙaya ta kwashe ciyawa, ta bar rairayi fari fat, mai faɗin hanyar mota. Wutar daji in ta iso nan ba ta samun abin ci, sai ta mutu. Ba wanda ya sa shi. Haka ya ga mahaifinsa na yi.

Waccan shekarar damina ta yi kyau, ƙarangiya ta kai mini ƙugu. Sai ga sojoji da motoci, suka sauka bayan tudu don koyon harbi. Maigari ya aiko cewa kada mutum ko dabba ya doshi gabas har kwana bakwai. Gabas ɗin ce kuwa ta rage wa kakana bai share ba. Ya kwance sansa, ya zauna jikin zana yana kallon tudun.

Rana ta huɗu bayan azahar, ana cikin harbi, hayaƙi ya tashi bayan tudu, iska tana koro shi wajenmu. Rumbunanmu suna bakin gari, cike da hatsin shekara. Maza suka ruga da ɗanyun rassa don bugun wuta. Kakana bai bi su ba. Ya zari itace mai ci daga murhun kakata, ya zagaya bayan rumbuna, ya cinna wa ciyawa.

"Malam, ka haukace ne?" in ji kakata.

"Riƙe yarinyar nan ki koma. In tawa ta cinye ciyawar nan, waccan me za ta tarar?"

Haka kuwa aka yi. Babbar wutar ta iso ta tarar da toka, ta tsaya. Ko rumbu ɗaya bai ƙone ba. Amma filin kiwo ya tafi, daga tudu har rijiyar Fulani. Magariyar da muke kakkaɓa ta zama gawayi. Da rani ya shiga tumaki suka riƙa faɗuwa.

Kafin ma'aikatan gandun daji su zo bincike, sojoji sun tafi. Wa zai nuna tudu ya ce masu bindiga ne? Tsoho da wuta a hannu kuwa kowa ya gani. Suka tambaye shi ko ya kunna, ya ce ya kunna. Ba wanda ya ce masa don me. Daga ranar bai sake jan reshe ba, kuma ba wanda ya ɗauka. Ya rasu ina kolej, sunan na manne da shi.

Ban ce sojojin da gangan suka yi ba. Samari ne baƙi, ba su san ciyawarmu in ta bushe tartsatsi ɗaya ya ishe ta ba. Mu da muka sani, mu ne muka yi shiru.

Bana ma damina ta yi kyau. Shekaranjiya maigari ya aiko: sojoji za su dawo tudu ranar Asabar. Da na buɗe baki kan maganar jan reshe, babana ya ce, "Ke, wannan ba maganar mata ba ce."

Na ce, "Baba, maza sun samu shekaru su yi ta, ba su yi ba."

Ya ɗauki butarsa ya fita. Amma yau da safe na tarar da gatari jingine a ƙofar ɗakina.

Gobe zan aro san kawuna in ja reshe. In sojojin sun iso, zan faɗa wa babbansu a gaban maigari abin da ya faru bayan tudun nan, da wanda ya tsayar da wutar. Daga gabas zan fara.