Tagogin Bawa Magini

Duk wanda ya girma a unguwarmu a Talata Mafara ya san muryar Bawa magini tun kafin ya san fuskarsa. Ba ya taka tsani sai ya yi shela: "Matan gida, a kimtsa, za a hau sama!" Ni na sha tsokanarsa cewa ladan ya so zama, Allah ya ba shi cebur.

Aikinsa na ƙarshe shi ne ɗakin binciken ƙasa da iri da aka gina wa manoman rani. Injiniya Selina ce ta zana ginin. Ta jera tagogi can sama dab da rufi, suna kallon arewa, don haske ya shiga ba tare da zafin rana ba. Bango fari fat. Fitilun sola kuwa ba a buƙatar kunna su da rana sai hadari ya rufe gari.

Sai dai arewar nan gidan Malam Kamilu ne, aminin Bawa tun suna yara. A wurinmu kuwa ba a buɗe taga saman katangar maƙwabci. Kamilu ya rantse sai an toshe su da bulo, ya kuma daina amsa sallamar Bawa.

Selina ta yi wa Kamilu bayani cewa gilashin mai hazo ne, ba a ganin komai ta cikinsa. Ya ce shi bai taɓa jin gilashin da ba a gani ba.

Ran nan bayan La'asar Bawa ya same shi a ƙofar gida, ina zaune. Suka gaisa a daƙile.

"Kamilu, wace kalar riga ce jikinka?"

"Wagga wace irin tambaya ce?"

"Ban sani ba ne. Tun bara yanar ido ta rufe mini gani. Haske na shiga, na san rana ta fito, amma ko kai da muryarka nika gane ka. To haka gilashin nan yake."

Bawa ya ɓoye lalurar nan ne don babu mai ba magini aiki in an san ba ya ganin igiyar awo. Ga shi ya faɗa a bainar jama'a.

Kamilu ya ce, "Shuɗiya ce." Sannan ya riƙo hannunsa ya zaunar da shi a tabarma.

Ba a toshe tagogin ba. Bawa kuma bai sake hawa tsani ba. Kafin sati ya zagayo labari ya kai har Bakura da Maradun. Yanzu Kamilu ne ke jansa zuwa masallaci. In sun zo daidai ginin da rana, Bawa kan tsaya ya tambaya ko an kunna fitila a ciki.

"Ba a kunna ba," in ji Kamilu.

Sai su wuce.