Shafi na Goma Sha Huɗu

Ranar Talata ce, dawa ta fi mutum tsayi amma ba a fara yanka ba. Na sha kunu a tsaye, na ɗauki kwalin littattafai, na nufi makarantar ƙauyenmu da ke bayan Kambaza. Aji biyu nake koyarwa, yara ashirin da uku. A cikinsu akwai Nafisa, 'yar yayana Bello, shekararta bakwai. Ita ce monita, kuma in ta tashi aji ya tashi.

Littattafan daga birni aka aiko mana su, masu hotuna, da Turanci. Uba da laktaye yana karanta jarida. Uwa tana buɗe firji. Kare yana barci a kan kujera, abin da ya sa yara dariya har da hawaye. Babu jaki, babu rumbu, babu allo, babu ko ƙwaryar fura. Na yi mita har na gaji, amma da babu gara ba daɗi, sai na riƙa fassara musu.

A shafi na goma sha huɗu akwai wani mutum cikin kaki, yana riƙe da hannun yarinya. Ƙarƙashinsa an rubuta cewa in ka ji tsoro, ka je wurin mai kaki. Mu kuwa abin da iyaye suka koya wa yara daban ne: in an ji babura da yawa, a shige dawa, kada a waiwaya. Na san haka sarai. Duk da haka sati biyu ina sa su maimaita shafin nan, don shi ne zai fito a jarrabawa. Nafisa ta haddace shi tsaf.

Ƙarfe tara da kwata na ji ƙugi daga gabas. Ba na babur ɗaya ba ne. Tsuntsaye suka tashi daga kan tsamiya gaba ɗaya. Injin niƙa ya yi shiru. Sai harbi uku daga wajen kasuwa.

"Ku shige dawa!" na ce.

Tagar baya ce ke kallon gona. Na fara ɗaga yara ɗaya bayan ɗaya ina jefawa waje. Ina kan na bakwai baburan suka shigo filin makaranta. Nafisa ta leƙa ƙofa.

"Gwaggo, masu kaki na!"

Ta fita a guje. Yara uku suka bi ta.

Mu manya ƙafa muke fara dubawa. Kaki a jikin masu baburan, silifas a ƙafarsu, rawani ya rufe baki. Na ƙwala mata kira sau biyu, ƙarar injin ta haɗiye muryata. Yaro yana hannuna, sha biyu suna jira a bayana suna kuka. Ban bi ta ba.

"Kowa shi kwanta!" wani ya daka tsawa a waje.

Da na fita ta tagar, na waiwaya. Ɗayansu ya ɗora Nafisa a kan tankin babur. Ba ta kuka. Ta riƙe hannun rigarsa.

Muka kwanta tsakanin kunyoyi, fuska a ƙasa. Tururuwa na cizon yara, ba wanda ya motsa. Wajen sha ɗaya muka ji warin hatsi yana ƙonewa. Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Sai da inuwa ta karkata na tashe su. Muka bi cikin gonaki, manya suna goye da ƙanana, har bakin titi. Wani mai motar ɗaukar albasa ya tsaya, bai tambaye mu komai ba, ya kai mu Gwandu.

A harabar wani masallaci iyaye suka riƙa zuwa suna ɗaukar nasu. Yaya Bello ya iso bayan la'asar, ƙafarsa na jini. Ya bi layin yaran da ido, ya sake bi. Sannan ya tambaye ni a ina aka kama ta. Na ce a cikin dawa, ta yi duk abin da ya koya mata, gudu ne ya kasa mata. Ya ce to, Allah ya sani ta yi ƙoƙari. Wannan ƙarya tana cina har yau.

Washegari muka wuce Kalgo, gidan ƙanwar mahaifiyarmu. Mu goma sha ɗaya a ɗaki biyu. An yi mini tayin aji a nan, na ce a ba ni lokaci.

Yara sha tara na fitar ta taga. Cikin huɗun da aka tafi da su, Umaru da Saratu sun dawo bayan sallar layya, ba sa son magana. An binne Aliyu a daji, in ji Saratu. Nafisa ba ta dawo ba. Ta cika shekara tara a watan jiya.