Sunan Habu a kan aikina

Jama'a, yau kwamfuta ta yi min ƙwace a gaban Alhaji!

Ni na rubuta insitolan da ke girka manhajar makarantarsa ta Azare. Na ayyana bariyabul guda, wato ma'ajiyar bayani, na zuba sunana don ya fito a shafin ƙarshe. Ashe Habu abokin aikina ya zuba nasa ciki yana gwada sashensa. A yaren kwamfutar da muke aiki da shi kuwa bariyabul ba shi da katanga, ko'ina yake shiga.

Alhaji na dannawa, sai ga "Aikin Habu".

Ya ce, "Madalla, Habu. Kai za ka girka mana a reshen Itas."

Na harari Habu. Ya raɗa min, "Wallahi na zaci a sashena zai tsaya."

Amma da Alhaji ya miƙo hannu, har da durƙusawa ya karɓi yabon.