Ƙwayar Kilor a Randar Hajja

Daminar da amai da gudawa ya shigo unguwarmu a Gadarif, hankalina bai kwanta ko sau ɗaya ba. Ruwanmu mai karo, wato amalanken jaki, ke kawowa, Allah kaɗai ya san inda yake ɗebo shi. Ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida suna raba ƙwayar kilor, wata 'yar farar aba da ake jefawa a ruwa ta kashe cutar. Na jefa a randata tun ba su fita ba. Saura randar Hajja, uwar mijina, kuma daga randar nan ɗana yake sha.

Shi ne ɗan farina. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin Hajja, can yake ci, can yake kwana, tana ce masa maigidana. A gidajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban manya. Ko faɗuwa ya yi a gabana sai in kau da kai, zuciyata na tafasa. Mijina kuwa yana garin Doka suna noman dawa, waya ba ta shiga.

Da Hajja ta karɓi ƙwayar lafiya lau, ba don ƙanwar mijina ba. Yarinyar tana shirin jarrabawar shahada ta gama sakandare, kuma ba ta iya karatu a zuci ba, sai ta ɗaga murya unguwa ta shaida. Ranar tana bitar kimiyya a ƙarƙashin rumfa, ta rangaɗa cewa kilor iska ce mai guba, wanda ya shaƙe ta tana iya kashe shi.

Hajja ta ɗago kai daga tsintar riɗi. "Ke, me kika ce sunansa?"

Khalas, magana ta ƙare. Ta ƙulle ƙwayoyin a tsumma ta cusa a jikin danga, ta ce ita ba za ta ba maigidanta guba da hannunta ba. Na ja yarinyar bayan ɗaki na ce, "Uwar surutu, Allah ya shirye ki, kin ga abin da bakinki ya jawo?" Ta ce ai littafi ne ya faɗa.

Na yi tunanin jefawa a ɓoye, amma warin abin ba ya ɓuya, kuma Hajja hancinta ya fi na kowa. Ana haka aka fita da 'yar maƙwabtanmu zuwa asibiti a raksha, keke mai ƙafa uku, wuyanta ya langaɓe, uwarta na gudu a baya ba mayafi. Tsoro ya kama ni sosai. Duk lokacin da na ji ƙarar murfin randar nan sai in leƙa in ga ko ɗana ne.

Ni ma na taɓa karatu kafin aure, kuma kimiyya ce abin da na fi so. Tun da ba zan iya yi wa surukata gardama ba, sai na yanke in koya wa yarinyar darasinta a inda Hajja za ta ji. Bayan la'asar, Hajja tana suyar bunna, wato 'ya'yan kofi, na ɗauko faifai da ɗan dawa na zauna kusa.

"Zo nan, malamar banza," na ce. "Kowane abu da ƙananan zarra aka yi shi. Ga cibiyar a tsakiya, iliktiron suna zagaya ta layi-layi. Jera mini na kilor."

Ta jera ƙwayar dawa biyu a layin ciki, takwas a na biyu, bakwai a na waje.

"To ga matsalarsa nan," na ce, ina ɗaga murya. "Layin waje takwas yake so, ɗaya ya rage masa. Shi ya sa in yana yawo tsirararsa yake fizgar na duk abin da ya taɓa, har huhun mutum. Yanzu jera sodiyam."

Ta jera biyu, takwas, ɗaya. Na ɗauki ɗayar nan tilo na mayar wa kilor, layinsa ya cika. Na ce shi ke nan, wannan ya bayar, wancan ya karɓa, sun riƙe juna, kowa ya natsu. "Kin san abin da suka zama? Gishiri. Gishirin da ke cikin miyarmu kullum."

Hajja ta daina juya bunnar. Na ce a raina alhamdulillahi, ta shiga. Na ƙara da cewa na cikin ƙwayar ma a ɗaure yake da wasu, kaɗan-kaɗan yake fita, daidai abin da zai kashe cuta ya bar mutum.

"Wato gishirin ma da shi a ciki," in ji Hajja a hankali. "Shi ya sa likita ya ce in rage. Ashe sun sani suka yi shiru!"

Wayyo ni! Daren nan miya lami muka sha da kisra, wainar dawa, don ta hana a sa gishiri a tukunya. Ƙanwar mijina tana ta ƙunshe dariya.

Washegari da hantsi mai karo ya juye mana ruwa, jaja-jaja da shi saboda ruwan saman da aka kwana ana yi. Ina wanki sai ga yaron ya shigo da gudu daga wasa, ya buɗe randar Hajja, ya cika moɗa ya kai baki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ƙwala masa kira da sunansa, sunansa na yanka, na kaɓe moɗar daga hannunsa. Ya tsaya yana kallona, don bai taɓa jin sunan a bakina ba.

Hajja tana bakin ƙofarta. Na durƙusa na ce, "Hajja, ki yafe mini rashin kunya. Ɗana ne. Ina tsoro ya mutu."

Sai ta je jikin danga ta zaro tsumman, ta jefa ƙwaya a randar, ta tambayi yarinyar tsawon lokacin da ake jira. Da ya cika sai ta ɗebo moɗa guda. Yaron ya miƙa hannu, ta ture shi. Ta yi bismillah, ta yi kalmar shahada, ta shanye tas, fuskarta a yamutse.

Sannan ta shimfiɗa tabarma ta zauna tana fuskantar alƙibla da tasbaha a hannu. Sai a lokacin na gane ba ta yarda da ko kalma ɗaya cikin bayanina ba. Jira take ta ga ko za ta mutu. Yaron yana kukan ƙishirwa, ta ce a ba shi nono, kada kowa ya taɓa randar. Haka ta zauna har aka kira azahar, ni ina raɓe a gefe ina kallon bayanta.

Da ta sallame sai ta shafa cikinta, ta shafa wuyanta, ta miƙe da kyar. Ta cika moɗar da kanta ta ce, "Zo, maigidana, sha. Na ɗanɗana maka."