Filaye Shida da Tankar Kawu

Shekarun da kuɗin fetur ya fara yi wa Jidda ambaliya, aikin famfo nake yi a wani sansani kusa da unguwar masana'antu. Gidajen wurin duk karafan ne, wato ɗakunan kwano masu taya da mota ke jawowa ta ajiye, kowanne da banɗakinsa a ciki. A ƙarshen layi akwai filaye shida babu komai sai yashi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ke kai wa sansanin ruwa da tsohuwar tankarsa. Tankar nan ita ce cinsa, ita ce shansa. Ya ƙudura zai sayar da ita, ya karɓi filayen, ya gyara, ya zuba karafan ya ba da haya, ya huta da tuƙi, don bayansa ya fara ciwo. Ya ce in fitar masa da abin da gyaran zai ci. In kuɗin tanka ya isa, halas, magana ta ƙare.

Kwana huɗu ina cikin rana da igiyar awo. Na lissafa burji, siminti, bututu, wayar wuta, da ramin masai, wanda a ƙasar nan in ka yi zurfi kaɗan sai ruwan gishiri ya taso maka. Na zagaya shaguna har takalmina ya tsinke. Lissafi ya fito daidai da kuɗin tanka, har da ɗan rara. Na kai masa takarda ina washe baki.

Ko kallonta bai yi ba. Ya shiga wani karafan na maƙwabta, ya leƙa banɗaki, ya fito ya dubi rana.

"Ɗan nan, wanda ya tsuguna a ciki ina yake fuskanta?"

"Bango, Kawu."

"Bayan bangon fa?"

Gabas ne. Makka ke nan, tafiyar da ba ta kai wuni ba.

"Juya su," in ji shi.

Kai! Raina ya ɓaci. Na ce Kawu, akwai bango, kuma malamai da yawa sun ce a cikin gini babu laifi. Ya ce kwano ba gini ba ne, kuma kakansa bai tako daga ƙasar Hausa da ƙafa don jikansa ya jera masai shida suna kallon ɗakin Allah ba. Yalla, maza in sake awo.

Na sake, ina gunaguni. Filayen tsukakku ne, in ka gicciye karafan sai ya ci filin da ke kusa da shi. Shida suka koma uku, bututu ya ƙara tsawo, hayar uku kuwa ba za ta ciyar da gidansa ba. Na roƙe shi, na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce bayanka fa? Ya ninke takardar, ya miƙo mini, ya hau tankarsa da ƙyar.

Wata biyu bayan haka wani ɗan kasuwa ya karɓi filayen, ya nemi mai famfo. Ina da iyali, kuma har lokacin ina jin haushin Kawu. Na karɓi aikin.

Ranar da nake ɗaure bututu na ƙarshe sai ga tanka ta tsaya. Kawu ya sauko yana dafe da ƙugu, ya dubi karafan shida a jere, ya dube ni.

"Da wane lissafin ka yi, na farko ko na biyu?"

"Na farko, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya jawo tiyo ya cika musu tankunansu, don aikinsa ne. Shekara tara ya ƙara yana tuƙi da wannan bayan. Ko ƙofar akurkin kaji zai kafa a gidansa, wani yake kira ya auna masa, ni kuwa bai sake ba ni igiyar awo ba har ya rasu.